Afrique Victime: Hannun da Ke Riƙe da Kiɗan Mdou Moctar

Bayan sallar isha'i, idan yara sun kwanta, nakan ɗauko jitata in zauna a ƙofar ɗaki. Kiɗa ba sana'ata ba ce, sha'awa ce ta rabin awa kafin barci. A irin wannan zaman ne na saba da Afrique Victime, kundin waƙoƙi tara da Mdou Moctar ya fitar a 2021 ta hannun kamfanin Matador na Amurka.

Mdou, wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Buzu ne ɗan jihar Tawa a Nijar, kuma bahago. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke a madadin tsirkiya, bayan ya ga makaɗi Abdallah Oumbadougou yana wasa. Mu ma muna da rabo a tarihinsa: a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin muryar inji ta waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta katin memori.

Kowa yatsun Mdou yake yabo, kuma sun cancanta. A "Chismiten", waƙar da ta buɗe kundin, jitar lantarkinsa na tartsatsi kamar an hura wutar maƙera. Amma ni da na zauna ina neman inda zan sa hannu, sai kunnena ya koma kan wani mutum dabam, Ahmoudou Madassane, mai jita ta biyu. Shi ne ke maimaita gajeren zubi ɗaya, ba ya gajiya, ba ya neman a gan shi, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da gangunan Souleymane Ibrahim. Duk nisan da Mdou ya yi, yana da wurin dawowa saboda Ahmoudou bai gusa ba. Wanda ya taɓa sauraron mai gurmi ko mai garaya ya san wannan aiki: zubin ɗaya ne, amma kowane zagaye da nauyinsa.

Na yi mako uku ina bin wannan hannun. Tsirkiya biyu ko uku kawai yake buƙata, sai dai riƙe shi minti biyar ba tare da ka yi gaggawa ko ka ja baya ba, nan ne aikin yake. Ban taɓa samun malamin da ya nuna mini haka ƙarara kamar wannan kundi ba.

Waƙar da aka raɗa wa kundin sunanta ta haura minti bakwai. Da Faransanci Mdou ke kokawa kan abin da aka yi wa Afirka, kiɗan kuma yana ƙara sauri a hankali, su huɗun tare, har da Mikey Coltun, Ba'amurken da ke jita mai kauri kuma ya tsara sautin kundin. Saurin nan na bukukuwan auren Agadas ne, inda suka goge. Ƙorafina ɗaya: bayan wannan guguwa, waƙar ƙarshe takan iske kunne a gajiye, ba a ba ta haƙƙinta sai an saurare ta ita kaɗai.

Inda zuciyata ta fi kwanciya shi ne "Tala Tannam" da "Layla", masu jitar katako da taushin murya. Waɗannan ana iya gwada su a tsakar gida ba tare da an tashi maƙwabta ba. Daren jiya ina cikin "Tala Tannam" a hankali, uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, sake wannan wurin." Na sake shi sau uku kafin ta koma ɗaki.