Kiwon Kan Dutse a Gashaka-Gumti: Al'adar da Ta Rayu Cikin Gandun Gwamnati

Gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa a kan iyakar Kamaru, shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A shekarar 1991 aka mai da shi gandun ƙasa, bayan an haɗe gandun Gashaka da na Gumti waɗanda aka keɓe tun 1972. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar, mai mita 2,419. Akwai ɓauna da damisa da dorina, akwai birin chimpanzi a kurmin Kwano, kuma ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsun su ne ke cika kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Abin da ya raba wannan gandu da yawancin takwarorinsa shi ne akwai rugage a tsakiyarsa, kuma da sanin hukuma suke zaune.

Sanyi ne ya ja Fulani zuwa tuddai irin su Chappal Hendu da Filinga. Ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, ba ya jure sanyin can sama, ga ruwa ga ciyawa. Daga nan kiwon ya samu tsarinsa. Da damina garke yana kan tudu. Idan rani ya shigo ciyawar sama ta bushe, sai samari su gangara da shanu kwari, su bar tsofaffi da mata da 'yan shanun tatsa a ruga. Ruwan farko na sauka, sai a sake hawa. Wannan kai da kawowa yana ba makiyaya hutu: yayin da ake cin wani gefe, wani gefen yana farfaɗowa. Makiyayi ya san wace ƙorama ce ba ta ƙafewa, wane gangare ne ke karya ƙafar saniya, wace ciyawa ce ke kawo nono. A bakin iyaye ya ji, a bayan garke ya tabbatar.

Wuta ita ce ɓangaren al'adar da ya fi jawo gardama. Makiyaya kan cinna wa busasshiyar ciyawa wuta domin sabon toho ya fito, kaska kuma ta ragu. Wutar farkon rani, lokacin da ƙasa ke da sauran laima, takan lashe ciyawa ta mutu a bakin kurmi. Ta ƙarshen rani kuwa takan kutsa cikin itatuwa, kowace shekara ta ɗan ci gaba, har kurmin da ke riƙe da idon ruwa ya tsuke. Saboda haka mai cewa a hana wuta ɗungurungum da mai cewa a bar kowa ya ƙona yadda ya ga dama duk sun kauce. Shimfiɗaɗɗen filin ciyawar da baƙi ke sha'awa a kan tuddan nan, wuta da kofato suna da hannu wajen wanzuwarsa. Lokacin ƙunar da wurinta su ne abin dubawa.

Da aka shata gandun, an ware wa mazauna wasu yankuna inda aka yarda su yi noma da kiwo, bisa sharaɗin ba farauta. Hikimar wannan a fili take. Ma'aikatan da ke hedikwatar Serti ba za su iya sa ido a kan kowane kwazazzabo ba, amma makiyayin da ke kwana a wurin ya san sawun baƙo, ya san ƙarar bindigar da ba ta yankin ba. Kuma lafiyar garke da ta namun daji a ɗaure suke: annobar bushiya ta farkon shekarun 1980 ta kashe shanu, ta kashe ɓauna, ba ta tambayi wane ne na gida ba.

Sai dai tsarin yana da rauni, kuma ɓoye shi cutar da al'adar ne. An shata iyakar ƙasa, amma shanu haihuwa suke yi. Garken da ya fi ƙarfin makiyayarsa yakan zaizaye gangare, hanyar shanu ta koma rami. Ga garkunan da ke shigowa daga nesa da rani, waɗanda ba su san arɗon wurin ba balle su ji maganarsa. Ga shanun attajiran birni a hannun yaran haya, waɗanda ba su da abin da za su yi asara idan ƙasar ta mutu. Mai gado a wuri shi ke tattalinsa. Tun 2017 gidauniyar Africa Nature Investors ta shiga aikin kula da gandun tare da hukumar gandun daji ta ƙasa, kuma ma'aunin nasararta shi ne ko mazaunan rugagen za su ɗauki kansu abokan aiki.

Duniya ta fara gane darajar irin wannan kiwo. A 2005 UNESCO ta sanya bukukuwan Yaaral da Degal na Fulanin Mali, na ƙetare kogi da shanu, cikin gadon ɗan Adam, a 2019 kuma ta yi haka ga kiwon hawa da sauka na Italiya da Girka da Ostiriya.

Mu da ke Sofoline da sauran zangunan Kumasi a Ghana, maganar ta shafe mu kai tsaye. Naman da ke kan teburin mahautanmu daga hannun makiyaya yake fitowa, kuma mun ga yadda rikicin makiyaya da manoma a Agogo ya ci rayuka da gonaki da dabbobi, aka yi ta tura sojoji da 'yan sanda korar shanu, shanun suna dawowa. Gashaka-Gumti ba ta warware komai duka ba, amma ta nuna abubuwan da zaman lafiya ke buƙata: iyaka sananniya, adadin shanun da ƙasa za ta iya ɗauka, lokacin wuta da aka amince da shi, da shugaban makiyaya wanda za a tuhuma idan an saɓa. Sarakunan zango da na Fulani a Ghana suna da bakin da za su kai wannan magana gaban sarakunan ƙasa da hukumar gandun daji, kuma ya kamata su kai ta tun kafin wani rani ya sake zuwa da gawa.