Jinjina ga Marubutan da Suka Rene Mu da Labari

Yaro ɗan shekara 9 zuwa 12 ya wuce haɗa baƙi, amma bai kai ga littattafan manya ba. A wannan gaɓa ake kama shi da son karatu ko a rasa shi. Marubutan da suka tanadar masa abin karantawa da Hausa sun cancanci jinjina.

Jagoransu Alhaji Abubakar Imam. Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya a 1933, yana sa yaro dariya da rikicin tauraron labarin, Alhaji Imam, da Malam Zurƙe. Magana Jari Ce kuwa, mai juzu'i uku, a na farkonsu aku ne ke jero labari bayan labari don ya tsare Musa ɗan sarki a gida. Hikimar Imam ita ce gajarta kowane labari, a gama shi a zama ɗaya, ga karin magana, ga darasi ba tare da dogon wa'azi ba.

Ahmadu Ingawa ya ba masu son jarumtaka Iliya Ɗan Maiƙarfi. Umaru Dembo ya kai tauraron labarinsa, Kilba, sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni don kada na bakin kaka ya salwanta.

Allah Ya saka musu da alheri. Iyaye da malamai, ku nemo littattafan nan, ku sa yara su karanta muku da babbar murya.