Muradin Rai da Gudun Abin Faɗa a Littafin The Age of Innocence na Edith Wharton

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce warware jigon littafin da Edith Wharton ta wallafa a 1920, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1921, ta zama mace ta farko da ta sami wannan kyauta a fannin ƙagaggen labari. An haifi marubuciyar a birnin Niyok na Amurka a 1862 cikin gidan masu hali, aurenta kuma ya mutu a 1913. Ke nan ta san mutanen da ta zana, ta kuma san abin da sakin aure ke jawo wa mace a cikinsu.

Abin da mai karatu kan fara ɗauka shi ne, al'umma ce ta raba masoya biyu da ƙarfin tsiya. Ra'ayinmu a nan shi ne, al'ummar ba ta sami galaba ba sai da taimakon tauraron labarin kansa, domin duk sa'ad da ƙofa ta buɗe masa, da hannunsa yake rufe ta.

Taƙaitaccen Labari

Labarin ya faru ne a shekarun 1870, a tsakanin wasu 'yan gidajen manya na Niyok waɗanda suke auren junansu. Newland Archer, wani matashin lauya, yana shirin auren May Welland, sai ga 'yar'uwarta Ellen Olenska ta komo daga Turai, ta baro mijinta, wani basarake na ƙasar Folan, saboda muguwar halayyarsa. Archer ya kamu da son Ellen, amma ya auri May. A ƙarshe Ellen ta koma Turai da zama, ba ta koma wa mijin ba, ba ta kuma sami Archer ba.

Makamin Al'umma

Mutanen wannan littafi ba su da kurkuku, ba su da bulala. Makaminsu kawaici ne da takardar gayyata. Da dangin Ellen suka shirya walima don gabatar da ita, kusan kowa ya aiko da uzuri. Da gidan van der Luyden, waɗanda su ne ƙololuwar daraja a garin, suka gayyace ta cin abinci, nan take ƙofofi suka buɗe. Babu wanda ya zarge ta a fili, babu kuma wanda ya wanke ta a fili.

Wannan dabara ta kai matuƙa a walimar ban kwana da May ta shirya wa Ellen. A nan ne Archer ya gane cewa duk waɗanda ke zaune sun daɗe da ɗauka shi da Ellen suna neman juna a ɓoye, alhali kuwa abin bai taɓa kaiwa ga haka ba. Sun taru ne su raka ta da fara'a, yadda ba za a ce an kore ta ba. Ladabi ya yi aikin da wuƙa take yi, ba tare da an ga jini ba.

Hannun Archer

Archer yana ganin kansa mai ilmi, wanda ya wuce tsaransa wayewa. Amma mu dubi ayyukansa. Na farko, sa'ad da Ellen ta nemi a raba aurenta, shi aka wakilta ya ba ta shawara a matsayin lauya, ya kuwa tsorata ta da ɓacin sunan dangi har ta janye. Wato shi ya ƙulla igiyar da ta hana shi aurenta daga baya.

Na biyu, da ya ji zuciyarsa tana karkata, sai ya matsa a gaggauta bikinsa da May. Ita kuwa ta tambaye shi ko akwai wata a ransa, ta nuna a shirye take ta sake shi. Ya musanta.

Na uku, bayan auren, an aike shi ya kira Ellen a bakin teku a Newport. Ya hango ta ta ba shi baya, sai ya ƙudurta a ransa in ba ta waiwayo ba kafin wani jirgin ruwa ya gota wani wuri, zai koma. Ba ta waiwayo ba, ya juya. Mutumin da ya miƙa wa jirgin ruwa hukuncin zuciyarsa, da wuya a ce jama'a kaɗai suka cuce shi.

Wayon May

Sunan littafin yana nufin zamanin da ba a san laifi ba, kuma gatse ne. Archer ya ɗauki May yarinya ce wadda ba ta san komai ba, ashe ita ta fi kowa sani. Ita ce ta shaida wa Ellen tana da juna biyu tun kafin ta tabbatar, ta san Ellen ba za ta yarda ta rushe gidan 'yar'uwarta ba. Ya kamata a lura cewa Ellen, wadda aka ɗauka fanɗararriya, ita ta fi kowa kara, domin ta ƙi gina jin daɗinta a kan cin amanar mutanen da suka karɓe ta.

Kammalawa

Babin ƙarshe ya tsallake kimanin shekara 26. May ta rasu, Archer yana da shekara 57, ɗansa Dallas kuma zai auri 'yar Julius Beaufort, mutumin da a dā aka ƙaurace wa saboda bankinsa ya karye cikin abin kunya. Babu wanda ya ɗaga gira. Dokokin da Archer ya sayar da rayuwarsa dominsu sun shuɗe tun yana raye. A birnin Faris, Dallas ya shaida masa cewa May ta san abin da ya sadaukar, wannan kuwa ya sanyaya masa rai. Amma da suka isa ƙofar gidan Ellen, ɗan ya shiga, uban ya zauna a kan benci yana kallon tagarta har aka rufe, sa'an nan ya tashi ya koma masauki.

A wannan rana babu mata, babu dangi, babu mai gani. Abin da ya hana shi hawa benen yana cikinsa: ya saba da begen Ellen har ya fi son begen a kan ganinta. Wharton ba ta yanke hukunci ba, domin ta nuna zaman Archer da May ya haifi 'ya'ya uku da mutunci, ta kuma nuna tsadar da aka biya. Abin da ta tabbatar shi ne, al'adar da ta zauna a zuciyar mutum takan ci gaba da tsaronsa ko bayan masu tsaronta sun kwanta dama.