Sharhi Kan Rahoton Max Lock Game Da Fasalin Kaduna

Duk mai nazarin tarihin Kaduna ba zai tsallake rahoton da Bature Max Lock da abokan aikinsa suka wallafa a 1967 ba, wanda ya tsara yadda garin zai bunƙasa har zuwa 2017. Aiki ne na ƙwarai, domin sai da suka binciki zaman jama'a kafin su zana taswira. Amma fa tambaya daban, neman izini daban. Babu mutumin Tudun Wada da ya zaɓe su, balle ya iya sallamar su.

Wannan kuwa gadon Gwamna Lugga ne. A 1917 aka taso da hedikwata daga Zungeru, aka kuma kafa dokar garuruwa. Ƙa'idar lokacin ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai saboda sauro. Likita da safiyo ne suka ja wannan layi, ba Sarkin Zazzau ba.

A ganina, raunin rahoton shi ne ya ɗauka akwai mai tsawata wa masu aiwatar da shi. Alhali ya fito a shekarar da soja suka raba Jihar Arewa, babu majalisa, sai ya faɗa hannun ma'aikata. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birane ga gwamna, amma mu da muka yi aikin gwamnati mun san sau da yawa hannu kurum yake sawa. Mai riƙe da fayil shi ke nuna inda titi zai ratsa, da gidan da za a shafa wa jan fenti.