Effi Briest: sinimar da ba ta gaggawa

Yau zancen wata sinima ta ƙasar Jamus za mu yi. Sunanta Effi Briest. Wani mutum, Fassbinder, shi ya shirya ta a 1974. Ya ɗauko labarin daga littafin da Fontane ya rubuta, wanda ya fito a 1895. Hotonta baƙi da fari ne. Tsawonta ya haura awa 2.

Effi yarinya ce mai shekara 17, ɗiyar masu hali. Tana cikin wasan lilo aka ce mata ga miji. Sunansa Innstetten, shekararsa 38, babban ma'aikacin gwamnati, kamar a ce sufurefe. Abin mamaki, tun yana saurayi uwar Effi ya nema, bai samu ba. Ya kai amarya Kessin, wani ƙaramin gari a bakin teku. Ba ya zaginta, ba ya bugunta, ci da sha ba su yanke ba. Amma hira babu. Har ma ya bar ta da tsoron fatalwar wani mutumin Sin, don ta zauna wuri ɗaya. Kaɗaici ya tura ta wajen wani hafsan soja, Crampas.

Abin ya wuce, sun koma Berlin. Bayan shekara 6 mijin ya tsinci wasiƙun Crampas. Nan ne zuciyar sinimar. Innstetten ya zauna da abokinsa, ya faɗa masa gaskiya: ba ya jin ƙiyayya, har yanzu yana son matarsa. To, me zai hana ya yi shiru? Bakin mutane. Al'adar manyansu ta ce sai maza biyun sun tsaya sun harbi juna. Kuma tun da ya faɗa wa mutum ɗaya, asiri ya riga ya fita. Ya kashe Crampas, ya saki Effi, ya riƙe ɗiyarsu. Iyayenta ma suka rufe mata ƙofa don gudun surutu, sai da ciwo ya ci ƙarfinta suka karɓe ta. A gidansu ta rasu.

Sinimar tana tafiyar hawainiya. Wanda ya saba da sinimar Indiya, da rawa da waƙa, zai yi hamma. Mutane suna tsaye kamar gumaka. Sau da yawa a cikin madubi muke ganinsu, ko ta bayan labule. Harbin ma kafin ka gyara zama ya ƙare. Ni dai na ce wannan jan jiki da dalili: haka ranakun Effi suke, ba su wucewa. Mai kallo yana gajiya tare da ita. Hanna Schygulla, wadda ta fito a matsayin Effi, ba ta yawan kuka, murmushinta kaɗai ya isa ya sa ka tausayi.

Amma akwai aibi. Fassbinder da kansa yana karanta littafin da murya, kuma rubutu yana yawan fitowa a allo. Wanda bai daɗe da koyon karatu ba, sai ya nemi mai fassara kusa da shi. Sannan soyayyar Effi da Crampas an ɓoye ta ƙwarai, har mutum ya kasa gane abin da ta gani a jikinsa.

Wurin da ya fi ciwo shi ne ranar da aka kawo mata ɗiyarta bayan shekara 3. Duk abin da uwar ta tambaya, yarinyar amsa ɗaya take maimaitawa, irin wadda aka koya mata, kamar aku. A ƙarshe uwar Effi ta tambayi mijinta ko laifinsu ne, ko sun aurar da ita da wuri. Tsohon ya kau da zancen.