Randa daban, radiyater daban

A fitowar da ta wuce, wani ɗan'uwanmu ya rubuta bayani kan yadda ake sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ruwa. Na yaba masa, don ya yi shi da Hausa tsantsa, bai ɓoye bayan Faransanci ba. Sai dai ya ɗora bayanin duka a kan misali guda: wai abin kamar randar Mirriya ne. Misalin ya yi daɗin ji, ni ma da ruwan randar nan na tashi, amma zai iya sa wani ya kashe kuɗinsa a banza.

Randa zufa take yi. Ruwa na tsattsafowa ta ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, busarwar ta tafi da zafi. Shi ya sa ruwan ciki ke fin iskar ɗaki sanyi, shi ya sa kuma da damina, in iska ta jiƙe, randa ke yin kasala. Da wannan dabarar Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Na kwamfuta kuwa rufaffe ne ruf, ba ɗigon da ke fita. Ɗan famfo ke tura ruwa ya bi ta kan faifan jan ƙarfe da ke manne da furosesa, ya kwashi zafi, ya kai shi radiyater (makanikan Kano su ce lagireto), fanka ta hura. Ruwan nan ɗan dako ne kawai. An ɗauke shi aiki don nauyi da nauyi yana riƙe zafi kusan ninki 4 na iska, amma duk inda ya je iskar ɗakin zai miƙa wa kayan, kuma ba zai taɓa finta sanyi ba.

To a nan harshe ya shigo. «Sanyaya» a kunnen Bahaushe na nufin a mai da abu mai sanyi, kamar ruwan firji. Wanda ya karanta «sanyaya da ruwa» a watan Afrilu, ɗakin kwano ya haura digiri 40, zai zaci ya sayo sanyi ne. Ina! Ruwansa daga 40 ɗin zai fara, ya hau, furosesa kuma da yawansu in sun kusa 95 ko 100 sai su rage gudu da kansu. Da ya ce «ɗebe zafi da ruwa», da kalmar kanta ta sa mai karatu ya tambaya: a ɗebe a kai ina? Amsar wannan tambaya ita ce dukan gyaran. A fitar da akwatin daga lungu ya sha iska. Radiyater mai milimita 240 ko 360 ya fi mai 120 fili. Ƙurar hunturu da ke toshe haƙoransa a riƙa hure ta, man da ke tsakanin furosesa da faifai in ya bushe a sake, kada kuma famfo ya zama shi ne a can sama, inda iska ke taruwa. Marubucin ya ambaci ƙura a layi ɗaya ya wuce, alhali a Damagaram ita ce babbar magana.

Akwai wani wurin da ya fi tayar mini da hankali. Ya ce a zuba «ruwan batir». Na gane tataccen ruwa yake nufi, wanda babu gishiri ko kanwa a ciki, kuma ya yi daidai da ya hana ruwan rijiya. Amma je ka wajen mai cajin batir ka ce a ba ka ruwan batir, wani asid zai miƙo maka. Kalma ɗaya, abu biyu, ɗaya na cin ƙarfe da fata. Ɗan ƙarin «tatacce, ba asid ba» da ya isa. Ya kuma manta bai faɗa ba cewa irin da ake sayarwa a haɗe ba a ma buɗe shi.

Misalin da ya dace yana tasha, gaban kowace mota mai zuwa Zinder: direba ya san in radiyater ya cika da ƙura, ko ya ƙara ruwa mota sai ta yi zafi. Randa kuwa a bar ta ga waccan na'urar ɗaki mai jiƙa ciyawa ta hura iska, can ne misalinta zai zauna daidai.