Aya a Ciki ko a Waje: Sharhi kan Alamar Zancen Wani a Rubutun Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin nazarin harshe yana yawan karanta littattafan Ingilishi, domin da wannan harshe aka wallafa manyan ayyuka a kan Hausa. Idan ya lura zai tarar cewa wasu marubuta suna sanya aya da waƙafi a cikin alamar zancen wani, wasu kuma a wajenta. Da yawa sukan ɗauka ɗaya daga ciki kuskuren ɗab'i ne, alhali kuwa tsari biyu ne masu zaman kansu. Wannan takarda za ta bayyana su, ta auna hujjar kowanne, sannan ta nuna wanda ya fi dacewa da aikin nazari. An kawo misalan da Hausa domin sauƙin fahimta.

2.0 Tsarin Amurka da na Birtaniya

Tsarin Amurka, wanda littafin The Chicago Manual of Style ya fi wakilta (an fara buga shi a 1906), ya tanadi cewa aya da waƙafi su shiga cikin alamar, ko suna cikin asalin maganar ko ba sa ciki. Tsarin Birtaniya yana bin ma'ana: abin da ke cikin maganar da aka ɗauko shi kaɗai ke shiga. Madaba'ar Jami'ar Oksfod tana kan wannan tafarki, haka kuma H. W. Fowler da ɗan'uwansa F. G. Fowler sun kare shi a The King's English na 1906. Dubi waɗannan misalai:

(1a) Kalmar da ya rubuta ita ce "ƙasa." (Amurka)
(1b) Kalmar da ya rubuta ita ce 'ƙasa'. (Birtaniya)

Akwai inda suka haɗu. Duka biyun suna barin ruwa biyu da waƙafi mai ruwa a waje, kuma suna sanya alamar tambaya bisa ma'ana:

(2a) Ya ce masa, "Ina kwana?"
(2b) Wa ya ce "ba komai"?

3.0 Sharhi

Hujjar masu tsarin Amurka ita ce kyan gani da sauƙi. A ganinsu, aya da ta tsaya ita kaɗai bayan alamar tana barin giɓi mai muni a shafi, kuma ƙa'ida guda tana hutar da mai gyara daga komawa ga asalin matani. Wannan hujja tana da rauni ta fuska biyu.

Na farko, tsarin bai tsaya kan ƙa'idarsa ba. Idan marubuci zai iya tantance inda alamar tambaya ta dace, kamar a (2a) da (2b), babu dalilin da zai hana shi yin haka ga aya.

Na biyu, tsarin yakan sa wa mutum abin da bai faɗa ba. A ɗauka wani ya rubuta: Za a biya albashi idan kuɗi suka shigo. Sai mai sharhi ya ɗauko rabin farko:

(3) Ya yi alkawarin cewa "za a biya albashi."

Ayar da ke ciki tana nuna wa mai karatu kamar a nan jimlar ta ƙare, don haka ba zai yi zaton akwai sharaɗi a gaba ba. Ɓarnar ta fi fitowa fili a aikin kwamfuta. Idan aka umurci ɗalibi ya rubuta "hausa99." a matsayin kalmar sirri, ya kuma haɗa da ayar, na'ura ba za ta buɗe masa ba. A kan irin wannan ne masanin harshe Geoffrey Pullum ya soki tsarin a wata maƙala ta 1984. Mujallar Language, duk da cewa ta Amurka ce, ma'ana take bi.

Sai dai shi ma tsarin Birtaniya bai kuɓuta daga suka ba. Yana buƙatar marubuci ya riƙe asalin matani a gabansa, in ba haka ba ya yi ta cinke. Bugu da ƙari, yawancin littattafan ƙagaggun labarai na Birtaniya suna sanya waƙafi a ciki idan an katse maganar mai magana, ko da babu shi a asali:

(4) 'Zan zo,' in ji shi, 'bayan la'asar.'

Misali na (4) ya tono wata matsala da ta shafi Hausa kai tsaye. Alamar mai ƙafa ɗaya da Birtaniya ta fi so tana kama da alamar da ke cikin la'asar da jama'a. Kalma irin 'ya'ya kuwa, idan aka kewaye ta da ita, sai ido ya rasa mafari da maƙura. Rubutun Nijar, da ke amfani da harafin ƴ, ya rage wannan ruɗani amma bai kawar da shi ba, tun da hamza tana nan.

Ɗalibin da ya taso da Faransanci yana da wata dama a nan. Alamun « » sun saba da bin ma'ana: cikakkiyar jimla tana riƙe ayarta a ciki, guntuwar magana kuma ayar tana waje. Ke nan tsarin Birtaniya ba baƙo ba ne a gare shi.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa bin ma'ana ya fi dacewa da nazarin harshe, inda harafi ɗaya ko alama ɗaya kan zama abin bincike. Mafi alheri ga mai rubutu a kan Hausa shi ne ya ɗauki alamar mai ƙafa biyu, ya sanya aya bisa ma'ana. Idan kuwa mujalla ko mai duba kundi ya gindaya tsarin Amurka, sai a bi shi daga farko har ƙarshe, domin ba kuskure ba ne a wurin masu shi. Abin da ake ragewa ɗalibi maki a kai shi ne gwamutsa tsarin biyu a shafi ɗaya.